Ashana Ɗaya a Shekara

Shekara talatin da ɗaya Lempi Rantala ta yi tana tuƙa motar makaranta a garin Kivela. Saboda haka duk wani mai furfura da ke riƙe da wani abu a garin yau, tun daga shugaban 'yan kwana-kwana har mai shagon kayan gini, ta taɓa hango shi ta madubi yana haƙar hanci. Shi ya sa ba ta shakkar kowa. Idan mutum ya tsaya gabanta ya gyara murya zai yi mata bayani, sai ta karkata kai ta dube shi ta saman tabarau, nan take ya ji ya koma ɗan aji uku mai jiƙaƙƙiyar safa.

Yanzu shekarunta saba'in da tara. Tana zaune a gidan katakon da ke ƙarshen hanyar tsohon ramin tagulla, ita da wata baƙar kyanwa mai suna Musta, sai kuma murhun ƙarfe da ke girke a tsakiyar falo, baƙi wuluk, mai gajerun ƙafafu huɗu da ƙofa ɗaya. Idan an tambaye ta su nawa ne a gidan, cewa take yi su uku.

Murhun nan yana da doka. Ranar ɗaya ga Oktoba Lempi take ƙyasta ashana, guda ɗaya tak, ta hura wuta. Daga ranar wutar ba ta sake mutuwa sai ƙanƙara ta janye daga bakin tafki a ƙarshen Afrilu. Kafin ta kwanta ta binne garwashi cikin toka, da safe ta tono shi, ta ɗora ɓawon icce da 'yan ƙirare, ta hura sau uku. Mijinta, marigayi Reino, shi ya fara abin a shekarar aurensu, wai gardama ce ta haɗa shi da wansa a kan ko zai iya. Wan ya daɗe da mantawa, ya ma daɗe a ƙasa, amma a gidan Rantala ba a daina ba. Duk ashanar da aka ƙyasta, cikin wata tsohuwar kwalbar zuma da ke kan kanta ake jefa ta. Sanyi hamsin da biyar aka yi, tsinke hamsin da shida ne a kwalbar. Rarar ɗayan ta shekarar da aka haifi 'yarsu Lorna ce, wadda ta zaɓi tsakiyar Fabrairu, ana guguwar ƙanƙara, ta zo duniya, ta tsare iyayenta kwana huɗu a asibiti.

"Ke kaɗai ce kika taɓa kashe min wuta." Haka Lempi take fara gaishe ta duk ranar zagayowar haihuwarta, kafin ta kai ga Allah ya ƙara shekaru.

Reino kuwa mutum ne mai kara. Da ya tashi rasuwa, shekara shida da suka wuce, sai ya bari har watan Yuni, lokacin da murhu yake hutu.

To, wutar wata bakwai toka take tarawa. Kowane mako biyu ko uku sai an ture garwashi gefe, a durƙusa, a zura ɗan shebur har can ƙurya, a cika bokitin ƙarfe, a kinkime shi zuwa waje. Reino ne yake yi. Bayansa Lempi ta ci gaba. Bana gwiwarta ta hagu ta ce ba da ita ba. Durƙusawa dai tana yiwuwa, tashin ne sai an yi sulhu. A watan Disamba ta yi minti ashirin rungume da ƙafar kujera tana lallashin gwiwar, Musta tana zaune tana kallo. Ba ta faɗa wa kowa ba. Ta dai bar toka tana taruwa, har ta kai da ta buɗe ƙofar murhu sai ta zubo mata a kan silifas.

Wata Litinin da safe cikin Janairu, idonta ya faɗa kan injin sharar da Lorna ta kawo mata tsarabar Kirsimeti, mai dogon tiyo wanda ba sai an sunkuya ba. Ta ture garwashi zuwa hagu, ta zura bakin tiyon a dama, ta danna. Na ɗan lokaci komai ya tafi daidai, har ta fara mamakin yadda Reino, da duk wayonsa, bai taɓa tuna wannan ba. Sai ta waiwaya.

Tokar da take shiga ta gaba, ta baya take fita, laushi kamar hodar jarirai. Labule ya yi fari-fari. Hoton aurensu ya shiga hazo. Musta ta fito daga ƙarƙashin kujera furfura ta gama mata jiki, ta tsufa shekara ashirin a minti ɗaya. Sannan ƙauri ya biyo baya. Wani ɗan garwashi da bai kai ƙwayar masara ba ya laɓe cikin tokar ya bi tiyo, ya sauka a jakar takardar cikin injin, inda gashin kyanwa da ƙurar wata guda suke zaune suna jiran baƙo, ga iska tana yi masa fifita. Lempi ta fizge waya daga bango, ta ja injin da tiyonsa har bakin ƙofa, ta yi masa shuri ɗaya da lafiyayyar ƙafar, ya gangara matakala ya kife cikin ƙanƙara yana huci.

Da a nan abin ya tsaya, da ba wanda ya ji. Sai dai maƙwabciyarta tana shan kofi a bakin taga, aikinta ke nan tun da ta yi ritaya. Ta ɗauki waya. 'Yan kwana-kwana suka zo su biyar da jiniya, suka kewaye narkakken inji suna kallo. Shugabansu, wanda ya taɓa yin amai a kujera ta huɗu a motarta, ya cire hula ya gyara murya. Lempi ta dube shi ta saman tabarau. Ya mayar da hularsa, ya koma cikin mota, daga can ya kira Lorna.

Lorna ma'aikaciyar jinya ce a Green Bay, tafiyar awa huɗu, irin waɗanda suke gaya wa likita abin da zai yi ya kuma yi. Halin uwar ta kwaso kaf, ta ƙara da ilimi.

"Mama, kin kusa ƙone gida," in ji ta a waya.

"Inji na ƙona. Shi ma rabi."

"Ranar Asabar zan zo da mai gas. Zai auna falo, a sa miki abin ɗumama ɗaki mai maɓalli. Murhu ya fita."

"Ya fita ya je ina? Yana da dangi a gari ne?"

"Ba wasa nake yi ba. Ko murhu ya fita, ko ke ki fita. Akwai ɗaki a gidan tsofaffin da ke kusa da ni, na riga na tambaya."

"Inda ake yi wa mutane miya ba gishiri."

"Faɗa min gaskiya, Mama. Kina iya kwashe tokar nan ke kaɗai?"

Lempi ta dubi murhu, ta dubi gwiwa. "Zo ranar Asabar ki gani."

"In na zo na ga ba kya iyawa fa?"

"Sai mai gas ɗinki ya auna har da ni."

Ranar ta ƙare mata a wankin labule da goge kanta. Washegari ta ɗebi toka cikin gwangwanin kofi, daga tsohon bokitin da ke waje tun Disamba, ta ɗauki farin hankicin Reino na zuwa coci, ta tayar da tsohuwar a-kori-kurarta ta nufi shagon kayan gini na Wendell Heikkinen.

Wendell yana da shekara hamsin da shida, da sanƙo, da tumbi, da jikoki biyu. Da ya hango motar ta taga sai ya gyara tsayuwa kamar an kama shi da wani abu.

"Ina kwana, Mama Lempi. Ya hayaƙi?"

"Ya wuce. Injin zuƙar toka nake so. An ce akwai wanda aka yi don haka."

"Akwai." Ya sosa ƙeya. "Sai dai Lorna ta kira ni jiya. Ta ce in kin zo, kada in sayar miki da duk wani abu mai waya."

"Ta ce haka?"

"Har fitila ta ce in yi tunani."

Lempi ta ajiye gwangwanin a kan teburinsa a hankali. "Wendell, shekarar da aka sami kwaɗo a jakar 'yar fasto, wa shugaban makaranta ya tambaya ko ta ga wanda ya saka?"

"Ke."

"Me na ce?"

"Kin ce idonki yana kan hanya."

"Idona yana kan madubi. 'Yar faston nan yau ita ce matarka, har yanzu kuma ba ta sani ba. Fito da injinan."

Ya fito da guda biyu. Na farko ƙato ne, gangar ƙarfe mai ƙyalli da tayoyi huɗu. Wendell ya shafa shi kamar mai tallan saniya, ya ce shi masu sharar bututun hayaƙi suke saye. Ganga ƙarfe, tiyo ƙarfe, baki ƙarfe, babu jakar takarda da za ta kama da wuta. Mataci biyu ne a ciki, na yadi mai kauri da na ciki mai laushi, su ne suke tare tokar da ta yi wa falonta kwalliya jiya.

"Duk wannan a jikin kwali aka rubuta," in ji Lempi. Ta buɗe gwangwani ta juye rabin tokar a tsakiyar shagon.

"Mama Lempi, yanzu na share nan."

"Jona."

Ya jona. Ita kuwa ta zagaya bayan injin, ta buɗe hankici ta tare inda iska take fita. Wendell ya zuƙe tokar tas. Ta ɗaga hankicin wajen taga. Fari ƙal. Ta gyaɗa kai, shi kuma ya fara murmushi.

"Yanzu a ce ya cika, zan zubar," in ji ta. Ta kama ƙugiyoyin ƙarfe biyu da suke riƙe da murfin. Ta ja. Ta sake ja. Yatsun da suka yi shekara talatin da ɗaya suna murza sitiyarin da ba shi da tausayi, yau sun karkace a gaɓoɓi kamar saiwa, ƙugiyar ko motsi. Wendell ya miƙo hannu.

"Janye. Ranar Asabar kana gidana?"

"A'a."

"To ture shi gefe."

Na biyu ja ne, mara nauyi, mai araha. Ƙugiyoyinsa da ɗan yatsa ɗaya suka buɗe. Lempi ta ji daɗinsa har ta fara neman inda za ta ajiye shi a falo. Ta juye sauran tokar, ta tare hankici. Da ta ɗaga, ga tabo nan toka-toka a tsakiya, kamar an ɗora ƙasan kofi.

"Kaɗan ne," in ji Wendell.

"Musta ma jiya da kaɗan ta fara. Me kake ɓoyewa a baya?"

"Babu komai. Wani ne guda ɗaya da ya yi shekara uku ba wanda ya kula shi. Ba shi da taya, ga ƙara."

"Kawo shi. Mu ma da ba a kula mu muna aiki."

Gajere ne, mummuna, kalar ruwan wankin kwano, da lotsa a gefe. Wendell ya buɗe ƙaton ya juyo tokar ƙasa, aka sake gwaji. Da aka jona shi, wani mutum da ke zaɓar ƙusa a can lungu ya saki abin da ke hannunsa. Amma ɗaya gefen hankicin ya fito fari, murfin kuma da maɗauri ɗaya mai faɗi yake rufe, wanda ake turawa da tafin hannu. Lempi ta buɗe ta rufe sau biyar, tana jin daɗin ƙarar.

"Taya fa?" in ji Wendell. "In ya cika ba ki iya ɗauka."

"Jan amalanken wasan Lorna yana nan a rumfa. Bel ɗin Reino ma yana nan. Nawa ne?"

Ya faɗa, ta ƙirgo daloli ta ajiye. Amma Wendell bai ɗauka ba. Ya juya injin ya nuna mata wani jan rubutu a jikin gangar, ya ɗora yatsa a kai.

"Wannan kuma ba don Lorna nake faɗa ba. Tokar sanyi kaɗai yake ci. Ƙarfe ne, gaskiya, amma matacin yadi ne. Ba a ture garwashi gefe a zuƙi gefe. Sai wuta ta mutu murus, a ba ta kwana uku."

"Kwana uku."

"Kin fi ni sani. Toka tana iya yin sanyi a sama, ƙasanta da rai. In ba ki yarda da wannan ba, ki je ki gaya wa matata zancen kwaɗo, ba zan sayar ba."

Ta dube shi ta saman tabarau. Karo na farko tun yana ɗan aji uku, bai sunkuyar da kai ba.

Lempi ta jawo wata kujerar roba da ake sayarwa ta zauna a kai. Duk garin an san zancen ashana ɗaya, Wendell ma ya sani, saboda haka ya kama goge teburin da ba shi da datti. Ita kuwa tana ta juya abin. In ta bar wuta ta mutu, murhu ya tsira, amma tsinke na biyu zai shiga kwalba, sannan na uku, sannan na huɗu, duk bayan mako uku, har kwalbar ta zama wurin zuba shara. In ta ƙi, ranar Asabar mai gas zai shigo da abin awonsa. Ta daɗe tana ninke hankicin tana warwarewa.

"Reino cewa ya yi wuta ba ta mutuwa a gidan," in ji ta can, kamar da hankicin take magana. "Bai ce a falo ba."

"Na'am?"

"Murhun girkina na kicin. Tun rasuwarsa ban hura shi ba, na koma kan na lantarki kamar malalaciya." Ta miƙe, da taimakon teburi. "Gobe ƙarfe tara ka zo da tsani ka duba min bututunsa."

"Gobe ina da kaya da za a kawo."

"Ƙarfe tara, ɗan kujerar baya."

Ya zo tara saura. Ya fito daga kan rufi da gidan kurege cike da bokiti, da tsohuwar safar hannu ɗaya da ba a san yadda aka yi ta hau can ba. Lempi ta zauna a kan kujera gaban murhun falo, ta zuro manyan garwashi huɗu da doguwar awartaki, ta jera su cikin kaskon ƙarfe ta rufe. Wendell ya ce bari ya ɗauka. Ta ce wutar Rantala ba ta shiga hannun Heikkinen. Taku goma sha ɗaya ne daga falo zuwa kicin. Ta yi su ɗaya bayan ɗaya, Wendell yana biye da ita da bokitin ruwa, yana addu'a ƙasa-ƙasa. Ta juye, ta ɗora ɓawon icce, ta hura sau uku.

Kwana uku ta yi a kicin. Ta rataya bargo a ƙofar falo, ta jawo ɗan gado kusa da taga. Musta ta yi fushi na yini ɗaya, sannan ta gano bayan murhun girki. Falo ya yi sanyin da ake ganin numfashi. Kullum da safe Lempi takan leƙa, ta dafa kan baƙin murhun, ta ce masa ya yi haƙuri, ta fito. Ranar Juma'a, tunda tanda tana da zafi ba dalili, ta kwaɓa nisu, burodin nan mai zaƙi da ake kitsawa, irin wanda rabonta da shi tun Reino yana da rai.

Asabar da hantsi Lorna ta iso, mai gas yana bin ta a baya, wani siririn mutum da abin awo a ƙugu. Ba ɗan garin ba ne. Lempi ta ƙare masa kallo, ta ga ba ta da komai a kansa, abin ya ɗan dame ta.

Lorna ta shigo falo da maganganunta a jere, tun daga Green Bay take shirya su. Sai sanyi ya mare ta. Ta tsaya. Ta cire safar hannu, ta taka zuwa murhun ta ɗora tafinta a kai. Tun tana rarrafe ake hana ta taɓa wurin nan, yau ga hannunta a kai. Duk jerin maganar ya watse.

"Mama," in ji ta, muryar ta yi ƙasa. "Kin bar ta ta mutu?"

Lempi ta bar ta a haka na ɗan lokaci. Ba mugunta ba ce, amma ba ta yi gaggawa ba.

"Matsa gefe," in ji ta. "Riƙe wannan." Ta miƙa mata hankicin, an wanke shi tas.

Ta ɗaga bargo ta jawo jan amalanke, tayarsa ɗaya tana kuka, ga mummunan inji a kai an ɗaure masa ƙugu da bel ɗin Reino. Lorna ta dubi amalanken, ta dubi bel ɗin. Lempi ta nuna mata inda za ta tare, ta buɗe ƙofar murhu, ta zura hannu cikin tokar har wuyan hannu, ta juya, ta fito da shi ta nuna wa kowa. Sannan ta danna. Mai gas ya yi tsalle. A tsaye take, ƙafa ba ta lanƙwasa ba, tana bi da bakin tiyo ƙurya-ƙurya kamar mai juya mota a ƙunƙuntar hanya. Da saura kaurin yatsa biyu a ƙasa, ta kashe.

"Akwai saura," in ji Lorna.

"Shimfiɗar garwashi ke nan. Ba a share murhu tas."

"Haka ne," in ji mai gas, kafin ya tuna wadda ta kawo shi.

Lempi ta juyo gaba ɗaya. "Kai mai gas, da me kake ɗumama gidanka?"

Ya dubi Lorna, ya dubi takalminsa. "Icce."

"Zauna, akwai burodi."

Lorna ta ɗaga hankicin wajen taga ta duba gaba da baya, irin duban da take yi wa takardar gwajin jini. Fari. Lempi ta ja amalanke har baranda, ta tura maɗaurin da tafin hannu, ta karkata gangar daga kan amalanken ta juye cikin duron ƙarfe, ta rufe. Ta ɗebi kofi ɗaya ta watsa a kan matakalar da ƙanƙara ta daskare, don kada baƙi su zame in za su tafi. Ta dawo ta tsaya a tsakiyar falo, hannu a ƙugu, tana ɗan haki.

Lorna ta yi ajiyar zuciya. Ta miƙa hannu kan kanta, kusa da kwalbar zuma, ta ɗauko kwalin ashana. "Bari in hura miki kafin ki daskare."

"Ajiye."

"Mama, ai ta riga ta..."

"Ba kya jin ƙamshi ne?"

Lorna ta bi ta kicin. Ɗumi, ƙamshin nisu, Musta miƙe a bayan murhun girki, wuta tana ci ja wur. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo. Ga kaskon ƙarfe a gefe, ga doguwar awartaki. Ta duba baya ta auna tazarar da ido. Fuskar da ta fara laushi ta sake ɗaurewa.

"Wuta kika ɗauka a kasko kika ratsa gida da ita?"

"Taku goma sha ɗaya."

"Da wannan gwiwar. A kan katako. Kwana biyu bayan 'yan kwana-kwana sun bar ƙofar nan."

"Toka kika tambaye ni. Kin ga na iya."

"Na gani." Lorna ta naɗe hannu, tsayuwar uwar sak. Mai gas ya daina tauna. "Murhu ya zauna. Kasko kuma kin gama ɗaukarsa."

"To wa zai ɗauka? Musta?"

"Ranar Laraba Wendell. Zan kira shi."

"Sau biyu yana ɓarar da madara a motata."

"Shekara hamsin ke nan. Asabar kuma ni, duk bayan mako uku. In kin ƙi, ga shi nan zaune da abin awonsa."

Lempi ta karkata kai ta dube ta ta saman tabarau. Lorna ita ma tana da tabarau yanzu. Suka tsaya a haka har itacen da ke murhu ya karye ya zauna.

"Wendell ya sa hannu biyu," in ji Lempi. "Kai kuma, kada man motarka ya tafi a banza, je ka auna banɗaki. Can ne sanyi ba ya jin kunyar kowa."

Ta zauna ta zuro garwashi huɗu ta rufe kasko. Lorna ta naɗe hannu da tsumma ta ɗauka. Lempi ta bi ta a baya tana ba da umarni, irin na mai sa mota a gareji. A hankali. Hagu kaɗan. Kula da kyanwa. A gaban baƙin murhun Lorna ta durƙusa ba wahala, abin da uwar ta kalla da 'yar hassada, ta juye garwashin a kan shimfiɗar toka, ta ɗora ɓawon icce. Ba wanda ya ce mata sau nawa. Ta hura sau uku. Lempi ta mayar da kwalin ashana mazauninsa, ta tura shi can baya.

Tsakiyar Fabrairu, ranar haihuwar Lorna, waya ta yi ƙara a Green Bay da sassafe.

"Ke kaɗai ce kika taɓa kashe min wuta," in ji Lempi. "Allah ya ƙara shekaru. Asabar ki taho da safar hannu mai kauri, tsumman nan ya fara ƙonewa."